Agadas, Tashar Bakin Rairayi: Jiya da Yau

(Matanin laccar da aka gabatar a Agadas, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati)



Wanda duk ya dubi taswira zai ga tsakanin Agadas da teku tafiya ce mai nisan gaske, ko arewa ya nufa ko kudu. Duk da haka aikin da garin nan ya yi ƙarni bayan ƙarni shi ne aikin tashar jiragen ruwa: a sauke kaya, a ƙidaya, a biya fito, a sake ɗaurawa a wuce. Rairayi ne tekunsa, raƙumi ne jirginsa. Ƙasar Abzin ba ta taɓa noma abin da zai ciyar da gari kamar wannan ba. Hatsinsa daga Damargu da ƙasar Hausa yake zuwa. Hanya ce gonar Agadas.

Tun kafin garin ya yi suna akwai Takadda, yamma da nan, mai arzikin tagulla, inda matafiyi Ibn Batuta ya sauka a 1353. A ƙarni na 15 ne sarautar Abzin ta zauna a Agadas. Abin lura, ƙabilun Abzinawa sun naɗa sarki ne domin ya raba gardama tsakaninsu, ya kuma tsare hanyar fatake, don haka ba mamaki da aka ajiye fadarsa inda hanyoyi suka haɗu: ta Gat da Gadamas zuwa Tarabulus, ta Gawo, ta Katsina da Kano, da ta gishirin Fashi da Bilma. Askiya Muhammadu na Songai ya gane darajar wurin, ya kawo yaƙi, a wajen 1515 ya sa garin ƙarƙashin ikonsa. Hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, daga wannan zamani aka gaje ta, aka sake gina ta a 1844.

Da rundunar Maroko ta karya Songai a 1591, hanyar yamma ta yi sanyi, gari ya fara ramewa. Baturen Jamus Barth, wanda ya taso daga Tarabulus ya iso nan a watan Oktoba na 1850, ya tarar da unguwanni sun zama kufai. Ya kimanta mazauna wajen 7,000, a garin da ya ce ganuwarsa ta isa ta ɗauki ninkin haka sau da dama. Ya kuma lura Hausa ce harshen ciniki a kasuwa.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin shekarar 1911 ce ta yanke wa hanyar arewa hukunci. Har ƙarshen ƙarni na 19 attajiran Gadamas suna aiko da ayari ta Abzin da Damagaram zuwa Kano, ɗauke da yadi, takarda, sukari da duwatsun ado, su koma da kirgi, hauren giwa da gashin jimina. Tafiyar takan ci watanni, ga harin ƴan fashi, ga kuɗin rakiya a kowane zango. To, a 1911 layin dogo ya iso Kano, a cikin shekarar kuma Italiya ta kama Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni da su, jirgin ƙasa ya riƙa kawo su cikin ƴan kwanaki, da arha. Ba wanda ya nemi shawarar Sarkin Abzin, ba kuma wanda ya harba bindiga a ƙofar gari. An dai canja teku ne, daga Bahar Rum zuwa gaɓar kudu. Sai ga yaƙin Kawusan, wanda ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sarki Tagama. Ramuwar gayya da ta biyo baya ta cinye malamai da raƙuma, ta watsa mutanen Abzin kudu. Ayarin gishiri kaɗai ya tsira da ransa.

Ƙarfen uraniyom ne ya farfaɗo da yankin. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Agadas. Amma a dubi inda hanyar ta nufa: manyan motoci zuwa Paraku, jirgin ƙasa zuwa Kwatano, jirgin ruwa zuwa Faransa. Wato arzikin Abzin ya sake rataya ga tashar da ke hannun wata ƙasa. Gari ya zama zango, riba kuwa sai ta wuce. Wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen tawayen da ya ɓarke bayan abin da ya faru a Cintabaradan a 1990, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, shi ya ƙarasa kasuwar masu yawon buɗe ido.

Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 tsohuwar hanyar arewa ta sake cika, sai dai mutane ne kayan, masu neman isa Libiya ko ƙetare teku zuwa Turai. Direbobi, masu gidajen sauka, masu sayar da jarkokin ruwa da makanikai duk sun ci abinci a ciki. Dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya, ta sa aka ƙwace motoci, aka ɗaure direbobi, wasu kuma suka koma ɓoyayyun hanyoyi marasa rijiya inda rayuka suka salwanta. An soke dokar a Nuwamba 2023.

Ma'aikatan duwan da ƴan kasuwa ba sa bukatar a tuna musu sauran. COMINAK ta rufe a Maris 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Binin ta rufe, kayan da a da ke sauka Kwatano suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar soja kafin su iso Yamai, sannan su kama doguwar hanyar Tawa. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, ɗan tireda na Agadas ne ke biyansa a kan buhun shinkafa da katon ɗin sabulu.