Allurar Faifai Mai Tsada: Kuɗinta Ba Ya Ƙarewa Ranar Da Ka Biya

Yau ni kaɗai ne a gaban makirfo, babu baƙo, kuma maganar da na zo da ita na san wasu za su ce ai wannan zancen masu ƙoshi ne. Ku ɗan yi haƙuri ku saurara. Da kuɗina na san abin da zan faɗa muku, kuma ba asarar kuɗin ce ta fi yi mini ciwo ba.

A gidanmu akwai wani akwatin ƙarfe da Baba yake ajiye faya-fayansa tun yana saurayi. Faifai irin na da nake nufi, baƙin nan mai faɗi da ake ɗora wa allura. Akwai na Mamman Shata, akwai na Ɗan Maraya Jos, da wasu na ƙasashen waje. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Allah ya jiƙansu, kuma irin waɗannan faya-fayan ba ka shiga kasuwa yau ka ce a miƙo maka sabo. Da na gama hidimar ƙasa na fara samun ɗan abin hannu, sai na sayi injin juya faifai na gwanjo don Baba ya riƙa ji da yamma. Daga nan na faɗa karance-karance a intanet. Daga nan kuma cutar ta kama ni.

Bari na bayyana wa wanda bai taɓa gani ba. A ƙarshen hannun injin akwai wani ɗan akwati da bai fi dunƙulen magi biyu ba. Masu harkar katirij suke ce masa, ni kan allura nake cewa. A ƙasansa akwai ɗan siririn tsinke, a bakin tsinken kuma an dasa ƙwayar lu'ulu'u wadda da ƙyar ido yake ganinta. Wannan ƙwayar ce ke bin layin faifai tana karkarwa, kan allurar kuma ya mayar da karkarwar ta zama wutar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta fitar da sauti.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda maganaɗisu ne ke motsi a jikin tsinken, naɗin waya yana zaune daram, ana taƙaita sunansa da MM. Akwai wanda naɗin wayar ne a jikin tsinken yake motsi, maganaɗisun yana zaune, shi ne MC. To a nan kuɗin yake, ku riƙe wannan. Shi MM, idan allurar ta cinye, da hannunka za ka zare ta ka cusa sabuwa, minti ɗaya ya yi yawa. Shi kuwa MC, mafi yawansu, allurar haɗe take da wayoyin da suka fi gashin kai siranta, ba ka isa ka cire ba. Sai dai ka naɗe shi ka aika wa kamfanin da ya yi shi, ko wani gwanin gyara. Kuma galibin masu tsadar nan da ake yabo, MC ne.

Tsada kuwa, ba a magana. An yi wani kamfani a Japan, Koetsu, wanda wani dattijo Yoshiaki Sugano ya kafa, da katako mai daraja da duwatsu masu ado suka riƙa yin jikin nasu, ana sayar da ɗaya dubban daloli. A duniyar nan akwai kan allurar da ya haura dala dubu goma. Ni ban kai can ba, ko a mafarki. Abin da na yi shi ne, na ga wani mutum a ƙasar waje ya sa nasa MC ɗin a kasuwa dala 600, sabonsa kuma ya kai ninki uku na haka. Ya rubuta cewa bai yi awa 200 yana aiki ba. Na ce wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Na kwashe ajiyata na tura.

Da ya iso na ɗaura, sai na ji sauti can ƙasa-ƙasa kamar ana raɗa. Ashe wutar da irin wannan MC ɗin yake fitarwa kaɗan ce ƙwarai. MM yakan ba da milibolt 3 zuwa 5, shi kuwa wajen 0.3 ne, wato kashi ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka. Dole sai ka nemo ɗan taransifoma ko wata amfilifaya ta musamman da za ta ɗaga shi. Wata dala 200 ke nan ta tafi, ban da kuɗin jirgi. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Gaskiya kuma, da komai ya haɗu, ya yi daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba don na kare maganata. Kalangu ya fito daban, amshi ya fito daban, kana jin kamar za ka iya nuna inda kowa yake tsaye. Waɗanda suke kashe kuɗi a kan waɗannan abubuwan ba mahaukata ba ne, akwai abin da suke ji.

Wajen wata uku muna haka. Wata ranar Juma'a bayan la'asar mun sa wani faifan Shata da Baba ya fi so, wanda kusan kullum sai an juya shi. Yana zuwa wajen ƙarshe sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, tsaya. Mura ce ta kama Alhaji ko kuwa kunnena ne?" Na ce, "Baba ƙura ce, bari na goge." Na goge, na sake sawa. Muryar tana nan da wani kaushi, kamar ana jan takarda a kan yashi. Na mayar da tsohon kan allurar da injin ya zo da shi, kaushin bai tafi ba. A lokacin ne gabana ya faɗi, domin na gane ba a allurar matsalar take ba yanzu, ta riga ta shiga cikin faifan.

Na kai kan allurar wurin wani abokina da yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, muka sa shi a madubin ƙara girma. Gilashin mai gyaran agogo ba ya nuna wannan, sai madubi mai ƙarfi. Gefe biyu na lu'ulu'un sun goge sun yi fili, suna ƙyalli, da kaifi a bakinsu. Wato wata uku ina ɗora wa faifan Baba ɗan ƙaramin kurfi yana kankare shi. Awa 200 ɗin nan da aka ce mini, Allah kaɗai ya san gaskiyarta. Mota tana da agogon da ke nuna tafiyar da ta yi, allura ba ta da shi. Maganar mai sayarwa kawai za ka riƙe.

Mutane suna jin an ce lu'ulu'u sai su ɗauka abin har abada ne. A'a. Layin da ke gefe ɗaya na babban faifai, in da za a warware shi, ya kusa rabin kilomita. Wannan tafiyar allurar take yi duk minti ashirin, da nauyin wajen giram biyu a kan tsinin da bai kai kan gashi ba. Kamfanonin da kansu ba su ɓoye ba. Audio-Technica sun ce allurarsu mai zagayayyen baki tana yin wajen awa 500, mai baki irin siffar ƙwai awa 300, mai yankan Shibata awa 800, wadda suke kira Microlinear kuma awa 1,000. Ortofon na ƙasar Denmark, waɗanda suke nan tun 1918, su ma wajen awa 1,000 suke faɗa idan an kula da ita. Tsadar kan allura ba ta canza wannan lissafin sosai. Na dala dubu uku da na dala ɗari uku, in yankan lu'ulu'unsu iri ɗaya ne, kusan tare za su tsufa.

To mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ɗauka ka sayi na dala 3,000, ya yi maka awa 1,000. Kowace awa dala 3 ke nan. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, in muka tsaya a nan, awa ɗaya naira 4,500. Faifai ɗaya gaba da baya, minti arba'in, naira 3,000, ba ka sa kuɗin wuta ko man janareta ba. In kana ji awa biyu kullum, kwana 500 ya ƙare, ko shekara ɗaya da rabi bai cika ba. Yanzu ɗauki MM wanda sabuwar allurarsa mai kyau take dala 200, ita ma awa 1,000. Awa ɗaya naira 300. Kun ga tazarar ko?

Wani zai ce ai ba jefar da shi ake yi ba, ana gyarawa. Haka ne. Wasu kamfanonin suna karɓar tsohon su ba ka sabo da rangwame, amma rangwamen ma abin da za ka cika ba ƙarami ba ne. Akwai kuma masu dasa sabon lu'ulu'u, irin su Soundsmith a jihar New York ta Amurka da van den Hul a ƙasar Holan. Ni wani mai gyara daban na tambaya, ya ce dala 400, kuma na jira watanni saboda layi. Ka haɗa da kuɗin aikawa, da na dawowa, da kwastan, da fargabar ɗan abin da bai fi magi ba yana yawo tsakanin ƙasashe. Sannan in aka sa masa tsinke ko lu'ulu'un da ba na asali ba, sautin yana iya canzawa, kuma ranar da za ka sayar, masu saye za su karya masa farashi. Wanda yake zaune a Turai yana iya jure wannan. Mu da muke samu da naira muna biya da dala, kowane zagaye sai ya fi na baya zafi.

Ga kuma yanayinmu. A bayan tsinken akwai 'yar roba da ke riƙe shi tana ba shi damar lanƙwasa, ita kuma roba zafi da shekaru suna busar da ita, ko kana amfani ko ba ka yi. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce mai laushi, tana kwanciya a layin faifai ta zama kamar sanfefa tsakanin allura da faifan. Busasshiyar iska ma tana sa faifai ya riƙa jawo ƙura da kansa. Don haka awa 1,000 ɗin da aka rubuta a can, ni ba na sa ran cika ta a ɗakinmu.

Akwai wani abin da ban yi tunaninsa ba sai daga baya: shin kamfanin zai kai lokacin da za ka buƙace shi? Shure na Amurka, da suka yi shekaru aru-aru suna cikin manya a wannan harkar, a 2018 suka daina yin kan allura gaba ɗaya. Abin da ya ceci masu riƙe da nasu shi ne yawancinsu irin masu zare allura ne, kuma wani kamfani a Japan, JICO, yana yin waɗanda suke shiga. In da ƙaramin kamfani ne da mutum ɗaya ko biyu suke naɗa waya da hannu, ranar da suka ajiye aiki, ka koma hannun masu gyara. Shi ya sa nake girmama abu irin Denon DL-103. MC ne, an yi shi tun farkon shekarun 1960 don gidan rediyon NHK na Japan, har yau ana yinsa, kuma farashinsa ɗaruruwan daloli ne ba dubbai ba. In ya cinye, sayen wani ba zai sa ka sayar da fili ba.

Ban ce kada kowa ya sayi mai tsada ba. Wanda yake da injin da ya kai, da amfilifaya da sifikun da za su nuna bambancin, da ɗaki mai tsafta, kuma zai iya biyan kuɗin gyaran ba tare da ya ji a jikinsa ba, Allah ya sa albarka. Matsalar tana wurin irina, wanda ya tattara duk abin da yake da shi ya sayi kan, bai bar komai na canji ba. Irin wannan mutumin, ko ya ji sauti ya fara canzawa, zai ce bari a ƙara wata ɗaya, saboda dala 400 ba ta kusa. Faifan ne yake biyan wannan jinkirin.

Da na zauna na gaya wa Baba duk abin da ya faru, har da kuɗin, bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Sai ya ba ni labarin garmahon mahaifinsa, mai wani da hannu. Ya ce allurar ƙarfe suke sawa, a ɗan gwangwani ake sayo su da yawa, kuma ƙa'ida ita ce in ka juya gefe ɗaya ka cire ka sa wata. Ya ce aikinsa ke nan yana yaro, kuma in ya yi ƙyuya ya maimaita tsohuwa, daga sautin Alhaji yake ganewa ya ƙwala masa kira.

Yanzu abin da yake kan injinmu AT-VM95ML ne na Audio-Technica, MM, wanda allurarsa take zaruwa. Saboda bakinta siriri ne tana taɓa wani sashe na layin da bai gama lalacewa ba, kaushin faifan Shatan ya ɗan ragu, amma minti uku na ƙarshe suna nan da tabonsu. Na ɗauki sautin duk faya-fayan na zuba a kwamfuta, wanda tun farko shi ya kamata na fara yi. Na sayi ɗan ma'aunin nauyi na tsayar da hannun a giram biyu, da burushin goge faifai, da ƙaramin littafi da na rataye a jikin teburin. Duk gefen da aka juya, a ja layi ɗaya. Layi uku awa ɗaya. Baba ne ya karɓi aikin jan layin, kuma ba ya yafe ko guda. Jiya da na duba muna awa 212.

MC ɗin kuma yana cikin durowa a akwatinsa. Wani ya yi mini tayin dala 250 a kan na bar shi ya rubuta cewa bai yi aiki sosai ba in zai sayar gaba, na ce masa a'a, ya bari kawai.

Wanda yake da tsofaffin faya-fayai a gida, ya rubuto mana sunayensu a ƙasan wannan rubutun, ina so na ji me ya rage a hannun mutane. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.