An sallamo shi daga asibiti, to ina zai kwana?

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam, iyayena mata da ke can baya, sannunku da haƙuri.

Duk mun san yadda abin yake. A kai mai taɓin hankali asibitin Dawanau ko Barnawa, ya samu sauƙi, a sallamo shi. Bayan 'yan watanni tsohuwar da ke ba shi magani ta gaza ko ta rasu, ciwo ya tashi, sai a gan shi kan bola, ko dangi su kai shi gidan mari. Alhali taɓin hankali mai daɗewa kamar hawan jini yake, magani kullum yake so, da wanda zai tuna masa.

Shi ya sa muke maganar gidan zaman tare. Ba asibiti ba ne. Gida ne irin naku, mutum biyar ko shida da suka samu sauƙi suna zaune, maza daban, mata daban. Su yi shara, su yi girki, su je masallaci. Akwai mai kula da shan maganinsu, ya raka su ranar ganin likita, in ya ga wani ya daina barci ko ya fara surutai ya sanar tun abin bai yi nisa ba.

Kada wani ya ce dabarar Turawa ce. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abekuta, su sauki marasa lafiya a gidajensu, kowanne da ɗan'uwansa. Da rana asibiti, da dare cikin jama'a, masu gida kuma suna karɓar kuɗin haya. Har masu maganin gargajiya ya jawo a jiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ma ta ture ta 1958, wadda tsarewa kawai ta fi sani.

Na ga wani baba can yana girgiza kai, na san tsoron duka ne. Wallahi mai shan maganinsa, shi ya fi shan jifa a hannun 'ya'yanmu. Addu'a da ruƙiyya kuwa ba wanda ya hana, a dai bar masa ƙwayarsa.

Roƙonmu, mai gidan haya kada ya ce a'a don ya ji ko su wane ne, tela ko kafinta ya ɗauki ɗaya ya koya masa. Ranka ya daɗe, a ba mu mutum biyu da za mu zagaya neman gidan tare.