Ɗan Aiken Da Ido Ba Ya Gani



Maganarmu ta yau a kan ƙoda ce. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, su ke tace jini dare da rana. Amma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko amai da gudawa, ko zubar jini wajen haihuwa, suna iya tsayar da wannan aiki cikin 'yan kwanaki. Fitsari ya ɗauke, guba ta taru a jini. Wannan shi ne ciwon ƙoda na farat ɗaya. Har yanzu babu wani magani da aka tabbatar yana warkar da shi kai tsaye. Likita yakan yi maganin sanadin, ya ƙara ruwa, in ta yi tsanani a yi wankin ƙoda.

Ina wahalar take? Idan aka yi wa mutum allura, maganin yakan watsu cikin jiki duka, hanta ta kwashe rabonta, abin da ya isa ƙoda ya fice da fitsari. In an ƙara yawansa kuwa, sai ya yi ɓarna a wani wuri. Ashe ana bukatar ɗan aike mai amana.

Nan ne fasahar nano ta shigo. Nanomita ɗaya, watau milimita a raba ta gida miliyan a ɗauki ɗaya. Akan ƙera ƙwayoyi masu irin wannan ƙanƙanta, a ɗura musu magani, su kai shi inda ciwo yake. Tun 1995 Amurka ta yarda da Doxil, maganin ciwon daji mai irin wannan kwanso. A 2015 masana a cibiyar Sloan Kettering ta New York suka nuna cewa ƙwayoyi masu girman nanomita 400 sukan taru a bututun ƙodar ɓera fiye da sauran gaɓoɓi. A 2018 kuma, a Jami'ar Wisconsin, aka naɗe DNA aka yi ƙwayoyin da suka kare ƙodar ɓeraye.

Sai dai mu lura, ɓera ba mutum ba ne, akwai sauran gwaji mai tsawo. Kafin nan, ruwan gishiri da sukari, da hanzarta kai majiyyaci asibiti, su ne a hannunmu. Mu kuwa masu karatun kimiyya, mu duƙufa tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.