Ƙara wa Furosesa Gudu: Abin da Ya Kamata Sabon Shiga Ya Sani



Maganata yau da wanda ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ya haɗa abarsa, sannan ya ji ana cewa ana iya sa furosesa ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade mata. Ana iyawa kuwa. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahas 300. Mutane suka gano cewa in aka ɗaga agogon madabod daga 66 zuwa 100, sai ta kai 450, ta kama ƙafar Pentium II mai tsada. A 2011 ma Core i5-2500K ta zo da gigahas 3.3, da yawa suka kai ta 4.5 da fanka kawai.

Lissafin ba wuya. Akwai agogon tushe, wanda a yau megahas 100 ne, akwai kuma lambar da ake ninka shi da ita. In lambar 45 ce, gudu ya zama gigahas 4.5. Sabon shiga ya bar agogon tushe yadda yake, lambar ninki kaɗai zai taɓa a cikin BIOS. Ba kowace furosesa ce ke yarda ba. A wajen Intel sai mai harafin K a ƙarshen suna, a kan madabod jerin Z. Yawancin Ryzen na AMD a buɗe suke, muddin madabod ɗin B ne ko X. Kwamfutar cinya kuwa, ku rabu da ita.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Gudu shi kaɗai ba kasafai yake kashe furosesa ba. In kun ɗaga shi ya yi mata yawa, kwamfutar za ta sandare ko ta kashe kanta ta sake tashi, shi ke nan. Haɗarin yana wajen ƙarfin lantarki, domin in gudu ya ƙi zama, abin da ake yi shi ne a ƙara bolt. Wutar da furosesa ke sha tana hauhawa ne da ninkin bolt a kan kansa. Daga 1.25 zuwa 1.40 kamar ba komai ba ne a ido, amma zafi ya ƙaru da wajen kashi 25 cikin ɗari tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Ɓarnar kuma a hankali take zuwa: wuta mai yawa da zafi suna zaizaye siraran hanyoyin ƙarfe da ke ciki, har wata rana furosesar ta kasa riƙe ko da gudunta na asali.

Kada ku ɗauka wannan tsoratarwa ce ta malami. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a kan madabod, har AMD ya sa iyakar bolt 1.3 ga wani sashe nasu. A 2024 Intel ya amsa cewa wuta mai yawa ce ke lalata wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, ya fitar da gyara, ya ƙara shekara biyu a garanti. Injiniyoyin da suka ƙera abin ke nan fa, balle mai koyo. Saboda haka kada ku bar bolt a kan zaɓin da madabod ke yi wa kansa yayin da kuke ɗaga gudu, domin yakan zuba fiye da bukata. Ku sa da hannu, ku riƙa ƙarawa 0.01 ko 0.02 a lokaci guda.

Tsarin aikin kansa sannu ba ta hana zuwa ne. Ku fara auna kwamfutar yadda take da Cinebench, ku duba zafinta da HWiNFO, ku rubuta a takarda. Ku ɗaga ninki da ɗaya, ku gwada da OCCT ko Prime95, ku sake rubutawa. In ta ƙi tashi gaba ɗaya, a cire wuta, a zare batirin madabod mai kama da kwabo, CR2032, na ɗan lokaci, komai zai koma yadda yake.

Da yawa daga cikin jagororin da kuke karantawa ba a rubuta su da irin zafin yankinmu a zuciya ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu zafin waje yakan haura 40. Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar da take zuƙa, don haka kowane digiri da ya ƙaru a ɗaki yana hawa kan furosesa. Iyakar yawancin na Intel digiri 100 ce, yawancin Ryzen 7000 kuma 95, amma ni na fi son a tsaya ƙasa da 85 lokacin gwaji. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu sai an sake gwada shi da bazara, bayan an kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka. Kada kuma a sabunta BIOS ba tare da UPS ba, don ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe madabod.

Wani zai tambaya ko riba ta kai wahala. A tsohuwar furosesa, e. A sababbi kuwa kamfanoni sun riga sun tatse gudun, suna hawa da kansu gwargwadon sanyin da suka samu, sau da yawa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da aka yi ta wannan hanya. Ga mai sabuwar Ryzen a ɗaki mai zafi, shawarata ita ce ya rage bolt ta saitin da ake kira Curve Optimizer. Furosesar za ta huce, ta ƙara gudu da kanta.