Da Me Za Mu Auna Filin Wasa?



Manomin Funtuwa ko Malumfashi ba ya yabon gona saboda faɗinta. Sai kaka ta yi, ya ƙidaya buhunan masara, ya ɗora auduga bisa sikeli, ya fid da kuɗin taki da na ƙwadago, sa'an nan ya san ko ya ci riba. To, me ya hana mu yi wa filayen wasa na gwamnati irin wannan lissafi?

Mun saba auna fili da yawan kujeru da kuɗin da ginin ya ci, alhali kuwa wannan awon ranar buɗewa ne kurum. Ku dubi babban filin Surulere a Ikko. An gina shi a 1972, ya karɓi wasannin ƙasashen Afirka a 1973, a cikinsa kuma Nijeriya ta ci kofin Afirka a 1980. Duk da haka, daga farkon shekarun 2000 aka yi watsi da shi har ya lalace. Abin da ya sami Surulere yana iya samun filin Muhammadu Dikko da aka buɗe a Katsina a 2013, balle ƙananan filayen garuruwanmu.

Ma'auni huɗu nake ba da shawara a kansu. Na farko, sa'o'in aiki. In fili yana iya aiki awa 6 kullum, watau awa 42 a mako, amma awa 6 kaɗai aka yi wasa, to kashi ɗaya cikin bakwai aka mora. Na biyu, su wa suka shiga? Ƙungiya ɗaya ce ta mallake shi, ko kuwa 'yan firamare, da 'yan mata, da masu guje-guje sun sami rabonsu? Taron siyasa a rubuta shi daban, kada a haɗa shi da wasa. Na uku, a tara albashi da kuɗin ruwa da wuta da gyara, a raba da yawan waɗanda suka yi wasa, a ga nawa kowane mutum ya ci. Na huɗu, kwana nawa filin ya yi a rufe saboda ruwa ya kwanta ko katanga ta faɗi?

Sai dai a yi hattara da lokaci. Da damina samarinmu suna gona, saboda haka ƙarancin mutane a watan Agusta ba laifin mai kula da fili ba ne. Bayan girbi ne ake da kuɗi da sukuni, lokacin dambe da kokawa ke nan tun kaka da kakanni. Filin da ya zauna shiru da kaka, shi ne abin tuhuma.

Wannan aiki ba ya bukatar ƙwararre daga waje. Littafi ɗaya a bakin ƙofa da magatakarda mai gaskiya sun isa. Ku da za ku riƙe ofisoshin ƙananan hukumomi gobe, duk wanda ya kawo muku takardar neman kuɗin sabon fili, ku ce ya fara kawo littafin tsohon.