Mu Rage wa Inji Kaya, Mu Rage wa Aljihu Nauyi



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, tahowa gida ta zama sai da lissafi, har zumunci ya soma ja da baya. Farashin lita ba a hannunmu yake ba, amma muna da ta cewa kan yawan man da motocinmu ke sha.

Mu sani, ba tayoyi kaɗai inji ke juyawa ba. Ta hanyar fambel yana jan kwamfuresan iyakwandishan, da altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari a tsofaffin motoci. Kowannensu yana da rabonsa a cikin tanki.

Wanda ya fi su ci shi ne iyakwandishan. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta bayyana cewa a tsananin zafi yana iya rage nisan da lita guda ke kai mota da fiye da kashi 25 cikin 100, musamman a gajeriyar tafiya. Saboda haka mu riƙa ajiye mota a inuwa. In ta sha rana, mu sauke gilasai zafin ya fita kafin mu kunna shi. A cikin gari iskar taga ta wadatar. A babbar hanya kuwa, buɗaɗɗen gilashi na sa iska ta riƙe mota, don haka rufewa ta fi.

Na biyu shi ne lantarki, wanda wasunmu ke ɗauka kyauta ne. Altaneta takan mayar da kimanin rabin ƙarfin da ta karɓa daga inji ne kawai zuwa wuta. Ƙwan babbar fitila irin na da yana cin wat 55, balle ƙarin fitilun ado da manyan lasifikoki. Batir da ya gaji ma kullum yana wahalar da altaneta.

Na uku, ɗabi'ar nan ta wasu kanikawa ta cire tamostat, su haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyawa ba hutu. Fankar tana shan wuta a banza, injin kuma ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, sai ya ƙara shan mai. Mu nemi a mayar da tamostat, a gyara ainihin abin da ke sa motar zafi.

Sai dai hattara: kada tsimi ya sa wani ya yi tuƙin dare ba fitila, domin rai ya fi fetur tsada.

'Yan'uwa, da yayyafi kogi kan cika. 'Yar litar da muka tsimar yau da gobe ita ce za ta kawo mu gida mu gaida iyaye.