Maganin Gargajiyar Indiya da Ciwon Jijiyar Tsofaffi Masu Ciwon Sukari



Jawabinmu na yau ya shafi iyayenmu da kakanninmu masu fama da ciwon sukari, musamman waɗanda zugin ƙafa yake hana su barci. Idan sukari ya daɗe yana yawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan rabin masu wannan ciwo sukan gamu da haka. Abin yakan fara daga yatsun ƙafa, mutum ya ji raɗaɗi kamar ya taka garwashi, ko ya ji kamar ana soka masa allura, daga baya ƙafar ta daina jin komai. Yawancin masu wannan lalura sukan nemi sauƙi ko'ina, har da magungunan Indiya da ake kira Ayurbeda, saboda haka ya kamata mu san asalinsu.

Ayurbeda tsohon ilimin magani ne na ƙasar Indiya, ma'anar kalmar kuwa ita ce ilimin rayuwa. Manyan littattafansa su ne na Caraka da na Sushruta, waɗanda suka kai kimanin shekara 2,000. A cikinsu an ambaci wata cuta mai suna madhumeha, wato fitsari mai zaƙin zuma, an kuma lissafa zafin tafin hannu da na ƙafa da mutuwarsu a cikin alamun farko. Masana wannan ilimi suna ganin abubuwa uku ne ke tafiyar da jiki: bata, da pitta, da kapha. A wurinsu ciwon jijiya na bata ne, wato iska, wadda take rinjaye idan mutum ya tsufa. Don haka sukan yi tausa da man riɗi mai ɗumi, su yi surace, su ɗura magani ta dubura, su gyara abinci, su kuma ba da itatuwa irin su ashwagandha, da guduci, da gangamau, da hulba. Gwamnatin Indiya ta kafa wa irin waɗannan magunguna ma'aikata ta musamman a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta aza harsashin cibiyar binciken maganin gargajiya a garin Jamnagar a 2022.

To, me bincike ya nuna? Gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci. Wasu itatuwan, kamar hulba, sukan ɗan rage sukari, tausa kuma takan kwantar da zugi na wani lokaci. Amma ba a sami hujja mai ƙarfi ba cewa suna farfaɗo da jijiyar da ta riga ta lalace.

Akwai kuma haɗari iri huɗu. Na farko, wasu magungunan ana haɗa su da tokar ƙarafa da gangan. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an auna magunguna 70 da aka saya a shagunan Boston ta Amurka, aka tarar 14 daga cikinsu suna ɗauke da dalma, ko zaiba, ko gubar asenik. Ita dalma da kanta tana lalata jijiya da ƙoda, waɗanda ciwon sukari ya riga ya raunana. Na biyu, an sami rahotannin ciwon hanta a kan masu shan ashwagandha da guduci. Na uku, wanda ya haɗa ganye mai rage sukari da ƙwayar asibiti ko allurar insulin, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ya yi gumi da jiri, har ya suma. Na huɗu, ƙafar da ba ta ji ba ta san zafi ba. Mai da aka ɗumama, ko surace, ko kaskon wuta na lokacin hunturu, duk suna iya ƙona ta mai ita bai sani ba, ƙuna ta zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa.

Saboda haka ga shawarwarinmu. Kada wanda ya bar maganin asibiti don ya sami na gargajiya. Duk abin da kake sha, ka kai wa likita kwalbarsa ya gani. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwali, amma ka sani lambar ba shaidar warkarwa ba ce. Idan za a yi wa tsoho tausa, a yi a hankali da mai marar zafi, kada a shafa tsakanin yatsu ko a kan rauni. A duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya yi tafiya ba takalmi. Wanda ya daɗe yana shan metformin ya roƙi a auna masa bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana jawo ciwon jijiya. Asibiti yana da magungunan rage zugi, kamar amitriptyline da pregabalin, sai dai sukan sa tsofaffi jiri, don haka likita ne kaɗai zai tsara yawansu.

'Ya'ya da jikoki, wannan aiki a wuyanku yake, domin idon tsoho ba lalle ya ga ƙasan ƙafarsa ba. Da kun ga rauni, ko kumburi, ko canjin launi, ku kai shi asibiti a ranar.